Rondalla: Me Ya Sa 'Yan Filifin Mazauna Ƙetare Ba Sa Sakin Wannan Kiɗa?

'Yar'uwa, tambayarki ta iso ni. Kin ce wata abokiyar aikinki a asibiti, 'yar ƙasar Filifin, ta gayyace ki bikin al'adunsu a can Kalifoniya, kika tarar da mutum kusan ashirin zaune a jere, tsofaffi da yara, kowa rungume da wani abin kiɗa mai kama da ƙaramar jita. A kunnenki kamar kiɗan Turawa, su kuwa suna ce masa na gargajiya, har kika ga wata tsohuwa tana share hawaye. Kina son ki san wane kiɗa ne, yaya aka yi ya zama nasu, kuma me ya sa suke wahalar koya wa yaran da ko yaren iyayensu ba sa ji.

Sunansa rondalla, su suna furta shi "rondalya". Kunnenki kuma bai yaudare ki ba, domin tushensa Sifaniya ne. Kalmar ta fito daga "ronda", wato zagaye, saboda a can samari kan zaga gari da dare suna kiɗa a ƙofar gidajen 'yan mata. Sifaniyawa sun mulki tsibiran Filifin daga 1565 zuwa 1898, shekara 333 ke nan, kuma a tsawon wannan zama suka shigo da addinin Katolika, da jita, da wani abin kiɗa mai suna bandurria, wanda 'yan ƙasa suke kira bandurya. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, gungun masu kaɗa waɗannan kaya ya riga ya zama ruwan dare a bukukuwan garuruwa da ɗaurin aure. Akwai ma wata al'ada da suke kira harana: saurayi ya je zance da dare tare da abokansa, su tsaya ƙarƙashin tagar yarinya suna kiɗa da waƙa, in ta buɗe taga an samu shiga ke nan.

Sai dai wanda ya tsaya a kan cewa "ai aro ne" bai duba kayan da kyau ba. Bandurria ta Sifaniya tsirkiya 12 gare ta, bibbiyu sau shida. Ta Filifin 14 gare ta, kuma rabon ba daidai yake ba: ta can ƙasa mai kauri guda ɗaya ce, biyu da ke bi mata bibbiyu ne, ukun sama masu siririyar murya kuwa uku-uku ne. Wannan ƙari shi ya sa muryarta ta fi ta uwarta kaifi da ƙara. Itacen ma na gida ne, irin su langka da narra da kamagong, kuma akwai garuruwan da suka yi suna wajen sassaƙa ta, kamar Guagua a lardin Pampanga da tsibirin Mactan kusa da Cebu, inda sana'ar take gadon gida. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne waƙoƙin da ake kaɗawa da ita. Kundiman waƙar bege ce ta mutanen Tagalog, na yankin Manila, takan fara da murya mai ban tausayi sannan ta buɗe zuwa mai sanyaya rai, kuma a zamanin yaƙi da Sifaniyawa an riƙa ɓoye son ƙasa a cikinta, a yi kamar da budurwa ake. Balitaw kuwa ta mutanen Visayas ce, wato tsibiran tsakiyar ƙasar, namiji da mace suna jifan juna da baiti. Babu Basifaniyen da zai ji waɗannan ya ce na gidansu ne. Tsohuwar da kika gani tana hawaye, wataƙila irin abin da aka kaɗa ranar aurenta ta ji.

Bari in fayyace miki kayan, domin amsar tambayarki ta ƙarshe a cikinsu take.

Bandurya ce ƙarama mai siffar ƙwai, gajeren wuya, ita ke ɗauke da karin waƙa, kuma masu kaɗa ta su suka fi yawa a gungu. Mai bi mata, wadda ake kira laud, ta fi ta tsawon wuya da girman ciki. Oktabina kuwa siffar ƙaramar jita gare ta, amma ita ma tsirkiya 14 ce. Waɗannan biyun ana ɗaure su daidai da yadda ake ɗaure bandurya, sai dai muryarsu ta ƙasa ce, kamar namiji da mace suna rera waƙa ɗaya, kowa a muryarsa. Aikinsu amshi ne da cike gurbi: bandurya ta yi magana, su ba ta amsa ta ƙasa. Jita mai tsirkiya shida tana riƙe da taki. A can ƙasa kuma akwai babba mai gurnani, wadda a da suke kira bajo de uñas, yanzu galibi an maye gurbinta da babban gogen Turawa da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa.

Wannan rawar murya da kika ji, kamar ana karkarwa, dalili gare ta. Tsirkiyar ƙarfe gajera ba ta riƙe sauti. Da ka taɓa ta, ta yi ƙara, ta mutu. Mai goge yana iya jan murya ɗaya muddin bakansa na tafiya, mai bandurya ba shi da wannan. Don haka sai ya riƙa kai da komo a kan tsirkiyar da sauri da ɗan abin kaɗawa, wanda a da ake yanka shi daga ƙwaryar kunkurun teku, yanzu kuma na roba ne. In mutum ɗaya ne ke yi, za ki ji kowane bugu daban, sauti ya fito a tsinke, babu daɗi sosai. In mutum takwas ne ke yi tare, hannun wannan ba zai faɗa daidai da na wancan ba, sai giɓin ɗaya ya cike da bugun ɗaya, muryar ta haɗe ta zama kamar zare ɗaya dogo. A shekarun da na yi ina nazarin kiɗan tsirkiya, ban ga kayan da ke buƙatar jama'a kamar wannan ba. Mai gurmi ko mai kuntigi shi kaɗai ya isa ya tara mutane, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi. Mai bandurya shi kaɗai rabin magana ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ba karin magana ba ne kawai, haka aka gina abin.

To ki riƙe wannan, mu koma kan yadda ya ƙetare teku.

Bayan 1898 Amurka ta karɓi mulkin Filifin, sai 'yan ƙasar suka zama suna iya shiga Amurka ba tare da shinge ba, duk da cewa ba a ba su 'yancin zama 'yan ƙasa ba. A watan Disamba na 1906 mutum 15 na farko suka sauka Hawai don aikin gonakin rake. Su ake kira sakada, kuma dubbai suka biyo bayansu, mafi yawa daga yankin Ilocos. A shekarun 1920 wasu suka cika gonakin kayan lambu da na inabi a Kalifoniya, da rani kuma su haura Alaska aikin gwangwanin kifi. Garin Stockton har unguwa ya samu da ake kira Ƙaramar Manila. Waɗannan mutane ana kiransu manong, wato yaya ko wa a yaren Ilocano. Kusan dukansu samari ne, fiye da namiji goma ga mace ɗaya, kuma a 1933 Kalifoniya ta gyara dokarta ta hana su auren farar fata, haramcin da bai faɗi ba sai 1948. A Janairun 1930 gungun fararen fata suka kwashe kwanaki suna kai musu hari a garin Watsonville na Kalifoniya, aka harbe wani matashi mai suna Fermin Tobera a ɗakin kwanan ma'aikata. A 1934 kuma dokar Tydings-McDuffie ta rage masu shigowa zuwa mutum 50 kacal a shekara.

Ki dubi halin mutumin da ke cikin wannan: ba mata, ba 'ya'ya, ba kuɗin komawa gida, garin da yake ciki kuma ba ya son ganinsa. A sansanonin gona da ɗakunan haya, jita da bandurya da mandolin suna cikin 'yan kayan da ke rataye a bango. Da su ake raya daren Asabar, da su ake bikin ranar Rizal kowace 30 ga Disamba, ranar tunawa da José Rizal, gwarzon ƙasarsu da Sifaniyawa suka kashe a 1896. Wasu ma da kiɗan suka ci abinci, a jiragen ruwan fasinja da ke ratsa tekun Pasifik da kuma gidajen rawa. Amma wannan zubi na farko bai bar magada da yawa ba, saboda dalili mai sauƙi kuma mai ciwo: da yawansu sun tsufa ba su haihu ba.

Akwai wani labari daga wata nahiya da nake so ki sani, domin ya nuna abin da ke faruwa in aka samu magada. A ƙarshen ƙarni na 19, 'yan Filifin sun je arewacin Ostireliya aikin nutso don ciro lu'ulu'u. Ɗaya daga cikinsu, Antonio Cubillo, ya zauna a Darwin, ya auri mace mai jinin Larrakia, 'yan asalin wannan yanki. 'Ya'yansa maza suka kafa gungun rondalla da ya yi tashe a Darwin kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a shekarun 1990 aka sake farfaɗo da kiɗan a garin tare da zuriyarsu. Ga kayan kiɗan Sifaniya, da ya zama na Filifin, ya kuma koma gadon wani gida na 'yan asalin Ostireliya. Duk wanda ke neman "na asali tsantsa" a harkar kiɗa, nan zai tsaya ya sake tunani.

Gungun da kika gani kuwa 'ya'yan zubi na biyu ne. A 1965 Amurka ta sauya dokar shige da fice, ƙofa ta buɗe wa masu ilimi, sai ma'aikatan jinya da likitoci da injiniyoyi da akantoci suka kwararo, wannan karon da matansu da 'ya'yansu. Shi ya sa kike ganinsu da yawa a asibitinku; yau masu jinin Filifin a Amurka sun haura miliyan 4. Waɗannan mutane sun taso ne a lokacin da rondalla ta shiga makarantun firamare da sakandare na ƙasarsu, ana gasa a kanta. Sun kuma taso da wani tsari na nuna al'ada a dandali. Francisca Reyes Aquino ta fara zaga ƙauyuka tun shekarun 1920 tana rubuta raye-rayen gargajiya, taki bayan taki. Daga baya ƙungiyar rawa ta Bayanihan ta ɗauki irin wannan aiki ta kai shi baje kolin duniya na Brussels a 1958, ta yi suna. Tun daga nan aka saba raba wasa kashi-kashi: na mutanen duwatsun arewa, na Musulmin kudu, na zamanin Sifaniya, da na karkara. Rondalla ce ke raka kashi biyun ƙarshe. In kin ga 'yan mata suna tsalle tsakanin gora biyu da ake bugawa, tinikling ke nan. In kin ga mai rawa da fitilun mai a ka da bayan hannu, pandanggo sa ilaw ke nan. Duk bandurya ce a bayansu.

Daga cikin wannan zubi aka samu ƙungiyoyin da suka daɗe. A yankin Boston iyaye suka kafa makarantar ƙarshen mako mai suna Iskwelahang Pilipino a 1976, bayan shekara goma ta samu rondallarta ta yara. A Los Angeles an kafa Rondalla Club of Los Angeles a 1991. A New Jersey tsofaffin ɗaliban Jami'ar Filifin da abokansu suka kafa tasu a 1992. A jami'o'in Kalifoniya kuma ɗalibai suna da daren al'ada na shekara-shekara da suke kira PCN, inda yaron da aka haifa a Amurka kan fara jin bandurya da kunnensa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta Los Angeles, Tagumpay de Leon, ɗan shahararren mai tsara kiɗa Felipe Padilla de Leon, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, kuma a 2021 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar National Heritage Fellowship, wadda ita ce mafi girma da take bai wa masu fasahar gargajiya.

Yanzu ga ainihin abin da kika tambaya: me ya sa yara?

Uwa tana aikin dare a asibiti, uba yana fita da asuba, yaro yana makaranta da Turanci, yana wasa da Turanci. Kafin a ankara Tagalog ko Ilocano ya tsaya masa a "ina ji amma ba na mayarwa". In aka tura shi ajin koyon yare, kunya ce ke fara kama shi, domin bakinsa ya karkace, 'yan'uwa na dariya. Bandurya ba ta tona masa wannan asiri. Wuyanta yana da ƙarafan da ke raba muryoyi, in ya danna daidai wurin, muryar daidai za ta fito. Cikin 'yan makonni zai iya bin waƙa mai sauƙi, kuma da yake su da yawa ne a layi ɗaya, kuskurensa yana nutsewa cikin na jama'a. In ya girma, yatsunsa suka yi tsawo, sai a mayar da shi oktabina ko laud ba tare da ya sake koyo daga farko ba, tunda ɗaurin iri ɗaya ne. Ƙanensa ya gaji ƙaramar.

Sannan, tunda ba a yin ta a ɗaki shi kaɗai, dole a kawo shi wurin atisaye duk mako. Wanda ya kawo shi ba zai koma gida ba, zai zauna. Iyaye mata su zo da tukwanen abinci, a baje bayan an gama. A nan yaron zai ji ana yaren, a nan zai koyi kiran kowane babba tito ko tita, wato kawu ko inna, a nan zai koyi ɗaukar hannun tsoho ya kai goshinsa, gaisuwar da suke kira mano. A nan sabon zuwa zai ji inda ake neman ma'aikata da inda haya ke da sauƙi. Na zauna a irin wannan atisaye, na ga kaka da jika a kujeru biyu maƙwabta suna kallon takarda ɗaya, jikan ne ma ke nuna wa kakar inda aka tsaya. Ban san wani abu da zai zaunar da su biyun wuri ɗaya na awa biyu kowane mako, shekara da shekaru, in ba wannan ba. A ganina wannan shi ne abin da iyayen suke saye da wahalarsu, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Ba na so ki ɗauka komai lafiya lau ne. Kayan ba a samunsu a shagunan kiɗa na Amurka, sai an yi saƙo daga gida, ko wani ya riƙo a hannu a jirgi. An sassaƙa su a ƙasa mai laima, to in suka shiga ɗakin da ake hura wa zafi lokacin sanyin Boston ko Toronto, itacen ya bushe ya tsage, kamar yadda hunturu ke yi wa ƙwarya. Tsirkiya 14 na ƙarfe kuma ja gare su, a hankali suke lanƙwasa wuya, mai gyara kuwa ba ko'ina ba. Ɗauri kansa aiki ne: mutum 20 masu irin wannan kaya, tsirkiya 280 ke nan da sai an daidaita kowacce kafin a fara. Matsala mafi girma ita ce malami. Sau da yawa gungu gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya yake, shi ne mai koyarwa, shi ne mai rubuta wa kowane kaya rabonsa. Ranar da ya tsufa ko ya ƙaura, in bai bar wanda ya iya wannan rubutu ba, kayan sai su koma ƙarƙashin gado. Yaran ma da sun tafi jami'a ake rasa rabinsu.

Akwai kuma gardamar da ke tsakaninsu a kan abin da za a kaɗa. Tsofaffi suna son waƙoƙin da suka baro, yadda suka baro su. A can gida kuwa rondalla ta yi gaba, masu tsara kiɗa suna rubuta mata sababbin abubuwa masu wuya, kuma tun 2004 aka fara bikinta na ƙasa da ƙasa a birnin Naga, aka sake a Dumaguete a 2007, da Tagum a 2011, inda ƙungiyoyin ƙetare ke zuwa su ga inda aka kai. Ni ina tare da malaman da ke barin yara su kaɗa waƙoƙin zamaninsu da bandurya, muddin sun ƙware a kundiman tukuna. Yaron da aka hana shi kawo nasa, ranar da ya samu 'yancin kansa ba zai dawo ba.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani, musamman da yake kin ce sun kira shi kiɗan ƙasarsu: rondalla kiɗan Kiristocin filayen Luzon, babban tsibirin arewa, da na Visayas ne, waɗanda su ne mafi rinjaye. Musulmin kudu, mutanen Mindanao da Sulu, irin su Maguindanao da Maranao da Tausug, Musulunci ya riga Sifaniyawa isa wurinsu, kuma sun shafe ƙarnuka suna yaƙi da su. Nasu kiɗan shi ne kulintang, jerin ƙananan kuge takwas na tagulla da ake bugawa da sanduna biyu, da kuma kudyapi mai tsirkiya biyu da dogon jiki kamar kwalekwale. Wani gwanin kulintang ɗan Maguindanao, Danongan Kalanduyan, ya zo Seattle a 1976, daga baya ya zauna a yankin San Francisco yana koyarwa har rasuwarsa a 2016, kuma shi ya riga samun waccan lambar girma tun 1995. Da yawa daga cikin ɗalibansa 'ya'yan Kiristoci ne haifaffun Amurka, waɗanda suka yi irin tambayarki, suka ce suna son abin da bai bi ta hannun Sifaniya ba. Ban ga laifinsu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya kori ɗaya ba. A bukukuwa da yawa yanzu za ki ji su duka biyu a dare ɗaya.

In ta sake gayyatarki, watannin da aka fi yin wasa su ne Yuni, saboda ranar 'yancinsu ta 12 ga wata, da Oktoba, watan tarihin 'yan Filifin na Amurka, da kuma Disamba. Ki roƙe ta ta kai ki wurin atisaye maimakon ranar biki, ki kuma je da wuri ki ga ɗaurin tsirkiya, manya suna karɓar na yara ɗaya bayan ɗaya suna gyara musu. In an fara, ki ɗauke kunnenki daga bandurya na ɗan lokaci, ki bi oktabina, ki ji amsar da take bayarwa ta ƙasa, domin gwanintar mai tsara kiɗan a nan take fitowa. In an tashi, ki nemi izinin wani yaro ki leƙa ramin cikin kayansa. Galibi akwai 'yar takarda manne a ciki mai sunan masassaƙin da garinsu, sai ki tambayi yaron wa ya riƙo masa ita daga can.